Tarihi A Taƙaice: Rigar Da Aka Kulle

A wannan makon mun leƙa birnin Ƙudus na zamanin Rumawa. Babban firist na Yahudawa shi kaɗai ke shiga Wuri Mafi Tsarki na Haikali, sau ɗaya a shekara, a Ranar Kafara. Shi ne kuma shugaban Sanhedrin, majalisar ƙoli ta shari'a. Ganin ƙarfinsa, Sarki Hirudus, daga baya gwamnonin Rum, suka riƙa naɗawa suna tuɓewa. Kayafa, wanda ya riƙe muƙamin daga shekara ta 18 zuwa 36 Miladiyya, gwamna ne ya naɗa shi. Har rigar alfarmar firist suka kulle a sansanin Antoniya, ba a fito da ita sai lokacin idi. Ɗalibai, ku rubuto mana: mai riga ke da iko, ko mai mabuɗi?