Ra'ayinmu: Kada A Ɗora Babur Ɗin Bayan Sito A Kan Sikeli

A fitowar wannan mako mun jingine labarin ƙwallo da na kacici-kacici, domin akwai maganar da idan muka jira mako mai zuwa, wataƙila ba ta da sauran amfani.

Duk wanda aka taɓa turawa shara bayan sito ya san babur ɗin da muke nufi. Da can ja ne, yanzu rana da tsatsa sun mayar da shi kalar ƙasa. Tayoyinsa sun sace har sun tsattsage, kujerarsa ta yage soso ya leƙo, ƙadangaru kuma sun mayar da tankinsa wurin shan hantsi. In ka goge ƙurar da ke murfin gefensa za ka ga an rubuta CG125. Makon jiya mun ga an jawo shi an haɗa da karyayyun kujerun ƙarfe da tsofaffin gadajen ɗakin kwana, aka ce mana 'yan gwangwan za su zo su auna su biya. Ra'ayinmu a taƙaice shi ne, a auna kujerun, a auna gadajen, amma a bar mana babur ɗin nan mu tashe shi.

Kafin mu rubuta wannan, sai da muka je wurin Baba maigadi, wanda ya fi kowa daɗewa a makarantar nan. Muka ce, “Baba, babur ɗin nan na wane ne?” Ya ce, “'Ya'yana, na makaranta ne. Masinja ne ke hawansa. Da shi ake ɗauko wasiƙu daga gidan waya, da shi ake kai takardu ma'aikatar ilimi. In zazzaɓi ya kama yaro cikin dare, a bayansa ake goya shi zuwa asibiti. Ranar da sakamakon jarrabawa ya fito kuwa, ƙararsa kaɗai za a ji daga bakin ƙofa, makaranta ta ɗau shiru.” Wasu daga cikin iyayenmu sun yi karatu a nan. Ke nan mai yiwuwa takardar da ta buɗe wa mahaifin waninmu hanyar jami'a a bayan wannan babur ta iso.

Babura irin wannan suna da gurbinsu a tarihin ƙasar nan. A zamanin Janar Yakubu Gowon, kwamitin da Jerome Udoji ya shugabanta ya miƙa rahotonsa a 1974, aka yi wa ma'aikatan gwamnati ƙarin albashi tare da biyan ariyas. Malaman makaranta da akawuna da malaman asibiti da yawa a lokacin suka sauka daga keke suka hau babur. Ku tambayi kakanninku, za su lissafa muku sunaye: Honda Benly, Roadmaster, Suzuki, Yamaha, da Vespa wadda suke kira Besfa. Ita Vespa kamfanin Piaggio na ƙasar Italiya ne ya fara ƙera ta a 1946, ma'anar sunanta kuma a harshensu zanzaro, saboda siririn ƙugunta da irin ƙugin da take yi. Giyarta a hannun hagu take, ana murɗawa, kuma sai an gauraya mata fetur da baƙin mai kafin a zuba. A wancan zamani malami in ya tsaya da ita a ƙofar gidan surukai, ba ya buƙatar dogon bayani.

Shi kuwa namu na bayan sito labarinsa ya fi ba mu sha'awa, don kamar saboda mu aka yi shi. A 1974 kamfanin Honda na Japan ya tura injiniyoyinsa su zagaya ƙasashe irin su Tailan da Indunusiya da Fakistan, su ga yadda talakawa ke amfani da babura. Suka tarar ana ɗora wa babur ɗaya mutum uku ko huɗu, ana barin baƙin mai har ya yi kauri ba a canza ba, matatar iska ta toshe da ƙura, sarƙa ta saki tana dukan jiki. Da suka koma gida sai suka zauna suka ƙera injin da zai jure irin wannan riƙo: silinda ɗaya, iska ce ke sanyaya shi, sanduna ne ke tura bawul ɗinsa, matatar iskarsa ta soso ce da za a wanke a mayar, sarƙarsa kuma a rufe take. A 1975 ya fito kasuwa da sunan CG125. Har gobe ana ƙera shi a Fakistan, kuma da yawa daga baburan ƙasar Sin da suka cika titunanmu tsarin injinsa suka kwaikwaya. Wannan ya sa kayan gyaransa ba za su yi wuyar samu ba. Abin da ba a samu a shagon unguwa ba, a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna ba za a rasa wanda zai nemo shi ko ya ƙera makamancinsa ba.

To mene ne namu a ciki? A darasin fasaha an zana mana injin mai bugu huɗu a allo, mun kwafa a littafi, mun haddace: fistin ya sauka ya shaƙi iska da fetur, ya hau ya matse su, fulogi ya ba da tartsatsi su kama wuta su turo shi ƙasa, ya sake hawa ya kori hayaƙi ta salansa. Mun ci makin wannan tambaya a jarrabawa. Amma mun zagaya ajujuwa uku mun tambayi wa ya taɓa riƙe fistin a hannunsa, ba mu samu ba sai 'yan ƙalilan, su ma waɗanda ke zuwa gareji ne bayan an tashi makaranta. Gani ya kori ji. Tsohon babur kuwa shi ne ya fi dacewa da mai koyo, domin komai nasa a fili yake. Da 'yan sifanu da sukundireba da filaya za a kwance shi kaf a shimfiɗa a kan buhu. Za ka ga kafireta da idonka, ka ga 'yar ƙofar da fetur ke bi wadda ba ta fi kan allura ba, ka gane dalilin da ya sa datti kaɗan ke hana babur tashi. Za ka ga yadda kuloci ke raba injin da giya. Abin da muka karanta a kimiyya game da zafi da matsi da wutar lantarki da gogayya, duk ga su a cikin ƙarfe guda. Da tsohuwar zuma ake magani.

Akwai kuma darasi na biyu, wanda ba ya cikin manhaja. Mun taso a lokacin da abu in ya lalace ake jefarwa a sayi sabo. Waya ta fashe, a sake wata. Fanka ta tsaya, a tura ta bayan ɗaki. Kakanninmu ba haka suka yi ba. Mutum zai riƙe babur ɗaya shekara ashirin, ya san tarinsa ya san atishawarsa, kowace Asabar ya wanke shi ya duba fulogi ya ɗaure sarƙa. A ƙasashen da aka ƙera waɗannan babura ma ba a yar da su ba. A Ingila akwai ƙungiyar masu tsofaffin babura da aka kafa tun 1946, kuma a can abin hawa in ya haura shekara 40 ana iya yi masa rajista a matsayin na tarihi a ɗauke masa harajin hanya. A Japan kamfanin Honda yana da gidan adana kayan tarihi a Motegi, inda ake kula da tsofaffin babura yadda har yanzu suna tashi. Su suna nema suna adanawa, mu kuma muna ɗora namu a sikeli.

Mun san akwai masu ganin ba haka ba, kuma mun saurare su. Wani malaminmu ya ce mana, “Ku yara, ajinku babu isassun kujeru, tagogi sun karye, ku kuna maganar tsohon ƙarfe. Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba.” Malam ya yi gaskiya game da kujeru, mu ne ma ke zama uku-uku a benci. Shi ya sa ba mu nemi a taɓa ko naira ɗaya daga asusun makaranta ba. Amma a duba lissafin da kyau. Nauyin babur ɗin nan bai wuce kilo ɗari da 'yan kai ba. Kuɗin da za a samu a wannan ƙarfe, kafin ƙarshen zango an manta inda ya shiga. In kuwa aka bar shi a ɗakin koyon sana'a, duk ajin da ya zo zai kwance ya ɗaure, shekara da shekaru. Kuɗin kayan gyara kuma za mu nema a wurin ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, waɗanda da yawansu sun san ƙarar babur ɗin tun suna aji ɗaya.

Wata malama kuma ta ce tsoronta shi ne ranar da ya tashi, yara su fara sukuwa da shi a filin ƙwallo har wani ya karye. Wannan tsoro ne na uwa, kuma ba ma wasa da shi. Kusan kowannenmu ya san gidan da aka yi zaman makoki saboda ganganci da babur, musamman a wurin rakiyar amarya. Dokar ƙasa ta ce sai mai shekara 18 ake ba lasisin tuƙi, kuma tun farkon 2009 hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta fara tilasta sa hular kwano. Saboda haka mu da kanmu muke ba da shawarar a rubuta a liƙa: ɗalibi ya gyara, amma ba ya hawa. Makulli ya zauna a ofishin malamin fasaha. Ranar da za a gwada shi, malami mai lasisi ne zai hau, da hular kwano a kansa, bayan an duba birki da tayoyi. Muna ma sa ran wanda ya ga siririyar wayar da ke riƙe birki da idonsa zai fi kowa jin tsoron gudu.

Akwai kuma 'yan'uwanmu ɗalibai da suka yi mana dariya, suka ce wai aikin makaniki na wanda boko ya gagara ne. Muna tambayarsu, waɗancan injiniyoyin da suka tsallaka ƙasashe suna leƙa baƙin man talakawa, boko ne ya gagare su? Duk mai son zama injiniya amma yana ƙyamar baƙin mai a farcensa, ya sake tunani. Maganar nan kuma ta haɗa da 'yan'uwanmu mata. Babu sifanar da aka rubuta wa sunan namiji.

Ba muna cewa kowane tsohon babur ya cancanci gyara ba ne. Wani ƙashin bayansa ya riga ya rube, wani injinsa ya fashe, irin waɗannan hakkin 'yan gwangwan ne, kuma sana'arsu halal ce, suna ma tsaftace mana gari. Namu ma sai gwani ya duba kafin a yanke hukunci. Baba maigadi dai ya ce lafiyarsa ƙalau aka jingine shi, masinjan ne ya yi ritaya aka rasa mai hawa. Mun kuma taka kik ɗinsa a hankali a gaban malamin fasaha, ya motsa, alamar fistin bai manne ba.

Don haka, cikin ladabi, ga roƙonmu ga Shugaban makaranta. Na farko, a cire babur ɗin daga cikin kayan da za a auna, a ba mu zuwa ƙarshen zango mai zuwa. Na biyu, a damƙa shi ga ƙungiyar JETS a ƙarƙashin kulawar malamin fasaha, a kuma binciko takardunsa a ofis don a san matsayinsa. Na uku, a gayyato dattijon makaniki daga cikin gari, irin waɗanda suka yi zamani da waɗannan babura, ya riƙa zuwa ranar Asabar yana nuna mana. Mu kuma 'yan jarida mun ɗauki alkawarin ɗaukar hoton kowane ƙarfe kafin a kwance shi, mu rubuta sunansa da Hausa da Turanci, mu buɗe littafin da za a shigar da duk abin da aka samu da abin da aka kashe, mu riƙa liƙa muku rahoto a nan kowane mako. In zango ya ƙare bai tashi ba, a kira masu sikeli, ba za mu ce uffan ba. Ko a lokacin ma mun riga mun ga cikin injin.

Ku kuma 'yan'uwa, ga aikin gida da ba a ba da maki a kansa. In kun koma hutu ku leƙa zaure da bayan rumbu da tsohon shago. In kun ga babur a jingine, kada ku taɓa shi sai da izini, domin wani na gado ne, akwai masu hakki a kansa. Ku zauna kusa da mai shi ku ce, “Kaka, yaushe ka saye shi, nawa ka biya, ina ne wuri mafi nisa da ka je da shi?” Ku rubuto mana amsar, za mu liƙa mafi daɗi a wannan allo.

Burinmu shi ne ranar bikin ba da kyaututtuka, iyaye na zaune a rumfa, a ji ƙara daga bakin ƙofa, Baba maigadi ya miƙe tsaye ya ce ya gane ta. Allah ya nuna mana. Wanda yake tare da mu ya sa hannu a takardar da ke liƙe a ƙasan wannan shafi kafin ranar Alhamis, domin ita za mu kai ofis. Mu haɗu a fitowa ta gaba.

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Makaranta