Ƙashin Fuska Na Ƙarfe Da Hukuncinsa

Bismillahir Rahmanir Rahim. Ga wata mas'ala da ta taso.

Likitoci a yau suna ƙera wa mutum ƙashin fuska daidai da nasa. Akan shigar da kan majinyaci cikin na'urar hoto da ake kira siti-sikan, wadda aka fara gwadawa a Ingila a 1971, ta ɗauki surar ƙashi yanki-yanki. In kunci ɗaya ya farfashe, sai a ɗauki surar mai lafiyar, a juya ta cikin kwamfuta kamar yadda madubi ke yi, a narka garin ƙarfen taitaniyam hawa-hawa bisa wannan awo, kana a dasa. A 2011 wata tsohuwa mai shekara 83 ta sami muƙamuƙin ƙasa ɗungum ta haka. A Beljiyam aka ƙera shi, a Holan aka dasa mata.

To, wasu almajirai suna cewa wannan canza halittar Allah ne. Ni ban ga haka ba. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito labarin Arfajatu ɗan As'adu, wanda aka yanke wa hanci ranar yaƙin Kulabu a jahiliyya. Ya sa na azurfa, ya yi masa wari, sai Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya umarce shi da na zinariya, alhali ado da zinariya haramun ne ga maza. In lalura ta halatta zinariya, ina ga ƙarfen da babu hani a kansa? Abin da aka hana shi ne mai lafiya ya sake kamanninsa don ƙawa. Amma wanda babur ya kayar a hanyar kasuwa, ba ya iya tauna, ba ya iya fitar da haruffan Fatiha daga mafitarsu, wannan mayar masa da halitta ake yi inda take.

Sai dai ƙarfe ba na kowa ba ne. Aikin yana da tsada, wurin kuma kan yi mugunya wani lokaci har a cire. Yaran da ciwon noma ya cinye wa leɓe da kunci, irin waɗanda ake kaiwa asibitin noma na Sakkwato da aka buɗe a 1999, galibi tsoka da fata suka rasa, daga jikinsu ake yanko abin faci. Ga shi fuskar yaro tana girma, ƙarfe ba ya girma. Shi wannan ciwo a dasashi yake farawa, in an kai yaro da wuri maganin kashe ƙwayoyin cuta da abinci mai gina jiki kan tsayar da shi. A Disamba 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin cututtukan da aka yi sakaci da su, Nijeriya ce ta ja gaban wannan roƙo. Wassalamu.