Filin Manoma: Cukun Holan Da Madarar Rima

A ƙasar Holan, can Turai, akwai wata sana'a wadda ta kamata manoma da makiyaya na gefen Rima su ji labarinta. Baƙo ya kan biya kuɗi a shigar da shi wani ɗaki, a zaunar da shi, a kawo masa cuku iri biyar ko shida, kowanne ɗan yanki kamar kan yatsa. Wani ma'aikaci yana tsaye yana gaya masa garin da kowane iri ya fito, da watannin da ya yi a ajiye, da abin da za ya ji a harshensa. Kowane yanki kuma a kan haɗa shi da kurɓin giyar inabi. In an gama, baƙo ya sayi wanda ya fi yi masa daɗi, ya tafi da shi gida tsaraba.

Wanda ya ji wannan ya iya cewa wasan masu kuɗi ne, ba ruwan mutumin Gwadangaji da shi. To, giyar kam ba ruwansa da ita, gama haram ce ga Musulmi, ba a kuwa kawo zancenta nan domin a kwaikwaya ba. Amma sauran al'amarin da ruwansa ƙwarai, domin abin da Holan ta yi shi ne ta sami dabarar ajiye madara har shekara, ta kuma sami dabarar sa baƙo ya biya ta da tsada yana murna. Waɗannan biyu su ne suka gagara a kwarin Rima har yau.

Yadda Holan ta ke yi

Holan ba ta fi Jihar Kebbi girma da yawa ba, kuma galibinta fadama ce, har wajen rubu'inta ya fi teku ƙasa, sai da madatsai a ke tsare ruwa. Ciyawa ce arzikinta. Saniyarsu baƙa da fari, wadda a ke kira Firisiyan, ta kan ba da madara lita 25 ko fiye a yini. Da ya ke madara ba ta kwana, tun zamanin da suka koyi daskarar da ita su matse, su jiƙa a ruwan gishiri, su jera a kan katako ta yi ta bushewa a hankali. Lita 10 ta madara ita ke ba da kilo 1 na cuku. Wanda ya yi mako 4 yana da taushi kamar man shanu, wanda ya yi wata 4 ya fara ƙarfi, wanda ya shige shekara kuwa sai ya yi tauri, ɗanɗanonsa ya yi kaifi, kuɗinsa kuma ya hau. A shekara ƙasar ta kan yi cuku fiye da tan 800,000, yawancinsa ta sayar waje.

A garin Alkmar a kan ci kasuwar cuku kowace Jumma'a daga bazararsu har Satumba. 'Yan dakon cukun suna da ƙungiya tun 1593, su kan sa fararen tufafi da malafa mai launi, su yi bibbiyu su ɗauko cuku a kan wani makari na katako su kai ma'auni. Mai saye da mai sayarwa su kan yi ciniki da tafa hannun juna har a daidaita. A Gauda ran Alhamis a ke yi, a Edam kuwa ran Laraba. Yau dai babban ciniki ya koma hannun kamfanoni, amma ba su bar kasuwannin sun mutu ba, domin sun gane baƙi na zuwa kallo, kuma wanda ya zo kallo ba ya komawa hannu sake.

Abin lura kuma, giyar da a ke ba baƙin nan galibi ba ta Holan ba ce, daga Faransa da sauran ƙasashen kudu a ke sayo ta. Watau ita rakiya ce kurum. Abin da a ke sayarwa shi ne cuku, da tsabta, da bayani.

Kada mai karatu ya ce Holan ta yi nisa. Madarar gwangwani ta Peak, wadda ke kan teburin kowane mai shayi daga Birnin Kebbi har Kamba, ta wani kamfani ne wanda uwarsa ƙungiyar gama kai ce ta makiyayan Holan, kuma tun 1954 a ke sayar da ita a Nijeriya. Ashe kuwa duk wanda ya sha shayi da ita a bakin garke ya aika wa makiyayin Turai kuɗi, ga saniya tana kallonsa.

Halin madara a nan

Kwarin Rima gidan Bokoloji ne, wadda a cikin shanun ƙasar nan tana cikin waɗanda suka fi ba da madara, ga kuma Rahaji da Bunaji. Gaskiya ne abin da a ke tatsa ga saniya ɗaya bai kan wuce lita 1 ko 2 a yini ba, bayan ɗan maraƙi ya sha nasa. Amma ba ƙarancin ne babban ciwo ba, rashin daidaito ne. Da damina ciyawa ta yi yawa, madara ta yi yawa, matan Fulani su cika kasuwa da ƙore, kowa na neman mai saye, sai a karyar. Wadda ba ta sayar ba kafin la'asar, ko dai ta bayar a wulaƙance ko ta koma da shi ya tsinke. Da rani kuwa, sa'ad da kuɗin nono ya hau, shanu sun rame, ba abin tatsa. Har a kan ga ana dama madarar gari ta waje a sayar da ita a matsayin nonon fura.

Kindirmo ya kan yi kwana biyu ko uku, man shanu in an soya ya kan daɗe, amma sauran amfanin madarar duk ya kan bi rariya. Manomi yana da rumbu, makiyayi ba shi da shi. Cuku shi ne rumbun madara.

Cuku ba baƙo ba ne

Ba sai an tafi Turai koyo ba. Buzaye da Fulanin Nijar, wajen Tawa da Abalak da Agadas, sun daɗe suna yin cuku. Su kan ɗebi wani abu daga tumbin ɗan akuya ko ɗan maraƙi mai shan nono wanda aka yanka, su zuba kaɗan cikin madara sabuwar tatsa, ta daskare. Sa'an nan su shimfiɗa ta siririya a kan asabari, ruwa ya tsane, su shanya ta bushe ƙayau. Irin wannan ya kan yi watanni bai lalace ba, a kan ci shi da shayi ko a daka shi cikin fura. Gonar gwamnati ta Tukunus, kusa da Filinge, inda a ke kiwon shanun Azawak, ta yi suna da shi.

Ta kudu kuma, Fulanin Borgu da na arewacin Binin su kan yi nasu da tumfafiya. A ɗora madara a wuta, a daka ganye ko reshen tumfafiya a tace cikinta, ta daskare, a kwashe cikin ɗan kwando. Wajen lita 5 ke ba da kilo 1. A Binin a kan rina shi ja da karan dafi. Shi ne ainihin awara, kafin ta waken soya ta zo ta ƙwace sunan. Aibinsa ɗaya, ba ya daɗewa sai ana tafasa shi a ruwan gishiri ko a soya.

Ko Turawan mulki sun gwada. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da kayan Ingila suka yanke, an yi man shanu da cuku a Vom da madarar da a ke saye hannun Fulani. Jihar Kebbi tana iyaka da Nijar da Binin duka biyu, tumfafiya kuwa ta cika kowane fako, akuya ma ba ta cika kula ta ba. Rashin sani ne ya sa kaza ta kwana kan dami.

Baƙi suna nan

Saura mai saye. Bikin kamun kifi na Argungu ya samo asali tun 1934, sa'ad da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, aka tabbatar da zumunci tsakanin Sakkwato da Kabi. A 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye. Bayan an yi shekaru ba a yi ba, aka sake yinsa a watan Maris 2020. Duk sa'ad da aka yi, mutane kan zo daga Legas da Abuja da Nijar da ƙasashen Turawa, su sauka filin jirgin sama na Ambursa, da yawansu su kwana Birnin Kebbi, su bi ta gefen Gwadangaji zuwa Matan Fada. Su kan ga kifi da kokawa da dambe da tseren kwalekwale, su shiga gidan tarihi na Kanta. Amma in baƙo ya tashi komawa, me za ya riƙe na ci wanda ba za ya ruɓe a hanya ba? Ɗanyen kifi ba ya tafiya, nono kuma ba ya shiga jaka.

A nan ne dabarar Holan ta ke da amfani. A kafa rumfa mai tsabta, a jera cuku sabo, da na wata ɗaya, da na wata uku, da awarar madara soyayya. A yanka ƙanana, baƙo ya ɗanɗana bi da bi, daga mai taushi zuwa mai ƙarfi. Maimakon giya a ba shi shayi irin na Buzaye, da dabino, da zuma, da zoɓo, da masar shinkafar Kebbi. A tsayar da wani yaro ko yarinya mai jin Turanci da Hausa, a nuna wa baƙo hoton Bokoloji, a gaya masa rugar da madarar ta fito da yadda aka yi. Mutum ba ya sayen abin da bai sani ba, amma in ya ɗanɗana ya ji labari, hannunsa ya kan tafi aljihu da kansa.

Amsa ga masu musu

Wani za ya ce biki na kwana huɗu ne, ba kuma kowace shekara a ke yi ba. Gaskiya ne, kuma duk wanda ya dogara da biki kaɗai za ya sha wuya. Biki wurin talla ne. Kasuwa ta kullum tana ga masu shayi, da masaukan baƙi, da ma'aikatan sakatariyar jiha da ke nan Gwadangaji, da fatake masu zuwa Sakkwato da Kano.

Wani za ya ce da damina ba a shanya, sai abu ya yi fumfuna. Wannan ma haka ne, gama kwarin Rima ya fi Azbin laima. Saboda haka lokacin da ya dace shi ne daga Oktoba zuwa Disamba, sa'ad da ruwa ya ɗauke, shanu na cikin ƙoshi da karan gona, iskar hunturu kuma ta fara. Cukun da aka yi a lokacin za ya kai Fabrairu da Maris lafiya. A tsakiyar damina sai a tsaya ga awara da man shanu.

Wani kuma za ya ce wannan zancen Fulani ne, me ya kawo shi filin manoma? To, tun da aka ƙaddamar da shirin bashin noman shinkafa a Birnin Kebbi cikin Nuwamba 2015, noman rani ya ƙara cin fadamar da shanu ke sauka a da, kuma kowa ya san abin da kan biyo baya in saniya ta shiga shinkafa. Alhali kuwa manomi na ƙone karan shinkafa a gona, injinan casa na Birnin Kebbi da Argungu na fitar da dusa tuli. In madara ta yi daraja, makiyayi za ya sayi karan nan da dusar nan ya ciyar da shanun tatsa a gida, manomi ya sami kuɗi da taki. Mutum biyu da ciniki ya haɗa ba su cika kai juna gaban alƙali ba.

Abin da ya kamata a kiyaye

1. Tsabta ita ce gaba. A wanke hannu da hantsar saniya kafin tatsa, a tace madara da ƙyalle mai tsabta, a rufe abin shanya saboda ƙuda da ƙura.

2. Ɗanyar madara tana iya ɗauke da tarin fuka da bakkale. Awara ba laifi, tun da tana shan wuta. Madarar cuku kuwa kada a tafasa ta, gama ba za ta daskare da kyau ba. A ɗumama ta har digiri 63 ta yi rabin sa'a a haka, ta huce, sa'an nan a zuba abin daskarewa.

3. Kada a yi cuku da madarar saniyar da aka yi wa allura sai kwanakin da malamin dabbobi ya faɗa sun cika.

4. Madara dukiyar matan Fulani ce tun kaka da kakanni. Kada maza su ga kuɗi su ture su. Mata su haɗa ƙungiya, ruga biyar ko goma, su tara madara wuri ɗaya, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

5. 'Yan kasuwa su kula da ɗauri. A sa a leda mai tsabta, a rubuta ranar yi da nauyi da sunan gari.

Ma'aikatar gona da ta dabbobi ba sai sun gina masana'anta ba. Abin da a ke nema gare su kaɗan ne: a ɗauko mata biyu ko uku gwanaye daga Nijar da Borgu su koyar, a ba ƙungiyoyi ma'aunin zafi da tukwane, a kuma keɓe musu rumfa a filin biki. Masu unguwanni da arɗoɗi su fara zancen tun yanzu, domin a shiga kaka mai zuwa da shiri. Allah ya ba da damina mai albarka, ya kuma zaunar da manomi da makiyayi lafiya, amin.