Ba Kowace Atishawa Ce Mura Ba

Da kaka ta yi a Kankara da Faskari da Sabuwa, mata na sussuka da shiƙar dawa, ga hazon hunturu daga kwarin Bodele na Chadi tun daga Nuwamba, sai atishawa ta cika gidaje. Jama'a sukan ce mura ce, su garzaya kemis su sayo antibayotik, kuma kuskure ne. Murar gaske takan tafi cikin kwana 7 zuwa 10. Wadda ke dawowa duk shekara da majina tsararo kamar ruwa da ƙaiƙayin ido, babu zazzaɓi, jiki ne ke bore wa ƙura da ƙaiƙayin hatsi, kuma antibayotik ba ya taɓa ta.

Wani zai ce ya sha ya samu sauƙi. Ai sauƙin ya zo ne don hazo ya lafa ko an gama sussuka, ribar da ya ci ita ce ƙwayoyin cuta sun koyi bijire wa magani. Rufe hanci da takunkumi a masussuka da yayyafa ruwa kafin shara sun fi araha. Wanda numfashinsa ya fara shaƙewa kuwa, ya tafi asibiti, don wannan larura takan zo tare da asma.