Hayaƙin da ke bayan littafinmu

A wannan makon za mu ɗan bar zancen salo da jigo, mu leƙa maɗaba'a, inda rubutunmu ke zama littafi.

Ana yawan maganar sauyin yanayi da iskar kabon da masana'antu ke fitarwa, kuma da an ambata sai hankali ya tafi China da Amurka. Gaskiya ne su ne kan gaba, kuma kason Najeriya a kabon ɗin da duniya ke fitarwa daga ƙona mai da kwal bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Duk da haka tsohon shugaba Buhari ya yi alkawari a taron Glasgow na 2021 cewa ƙasar za ta daidaita abin da take fitarwa da abin da take shanyewa nan da 2060, kuma a shekarar ya sa hannu a dokar sauyin yanayi, wadda ta ɗora wa kamfanoni masu ma'aikata 50 zuwa sama nauyin rage hayaƙinsu. Yawancin maɗaba'un da ke buga mana littattafai ba su kai wannan girman ba. Ra'ayinmu shi ne su ma su auna, ko doka ba ta tilasta musu ba, domin kusan duk hayaƙin da ƙaramar sana'a ke fitarwa kuɗi ne da ta ƙona.

Awon ba ya buƙatar ƙwararre daga Abuja. Lita ɗaya ta dizal idan ta ƙone tana fitar da kimanin kilo 2.7 na iskar kabon, ta fetur kuma kimanin kilo 2.3. Za a yi mamakin yadda hayaƙin ya fi man nauyi. Dalili shi ne kabon ɗin da ke cikin man yana haɗuwa da iskar da ke waje yayin ƙonewa. A ce maɗaba'a tana shan lita 20 ta dizal a rana, kwana 26 a wata. Lita 520 ke nan, a ninka da 2.7, an samu kilo 1,404, wato kusan tan ɗaya da rabi a wata daga janareta kaɗai. Mai maɗaba'ar da ke rubuta kuɗin mai a littafin shago ya riga ya yi rabin aikin, saura ya riƙa rubuta lita, ba naira kawai ba, tunda farashi na tashi kullum amma lita ba ta canzawa.

Masu wannan lissafi a duniya sun kasa shi gida uku: abin da ka ƙona da kanka, wutar da ka saya, da kuma abin da wasu suka ƙona saboda kai. Na biyu yana cikin takardar kuɗin wuta. Wutar NEPA, kamar yadda har yau muke kiranta, yawancinta daga tashoshin iskar gas take zuwa, sai madatsun ruwa irin su Kainji da Jebba da Shiroro, don haka hayaƙinta bai kai na janareta ba idan aka gwada aiki iri ɗaya.

Gida na uku shi ya fi shafarmu. Masana'antun takarda da gwamnati ta kafa a Jebba da Oku Iboku da Iwopin sun daɗe da durƙushewa, saboda haka yawancin takardar da ake buga littafi da ita daga ƙetare take zuwa. An sare itace, an dafa shi a masana'anta, jirgin ruwa ya kawo Legas, tirela ta sha dizal har Kano. Kowane shafi yana ɗauke da wannan tafiyar. To idan marubuci ya buga kwafi 2,000 saboda kuɗin kowane kwafi ya fi sauƙi, aka sayar da 600, sauran suka zauna a ƙarƙashin gado har gara ta ci, ko suka ƙare a hannun mai ƙosai, duk wancan man an ƙona shi a banza. Haka wanda ya kai rubutun da ba a tace ba, sai an buga a gano an tsallake babi, a sake farantin bugu, a sake kunna inji, a sake yanka takarda. Tace rubutu kafin a kai maɗaba'a yana rage hayaƙi fiye da yadda ake zato, kuma ba ya cin ko kwabo in akwai abokan rubutu masu ido.

Ga mai maɗaba'a, ragewa ta fi sauƙi a inda lissafi ya nuna ɓarna. Babban janareta da aka kunna don kwamfuta ɗaya da fanka yana shan mai mai yawa kan ɗan ƙaramin aiki. Gara a tara manyan ayyuka a yi su lokaci guda, ko a jira lokacin da ake kawo wuta, a bar kwamfutoci da fitilu da ƙaramar na'urar bugu a kan sola. Ba sabon abu ba ne a Kano: tun 2018 aka fara haɗa wa shagunan kasuwar Sabon Gari wutar sola. Babban injin bugu kam sola ta ɗan shago ba za ta ɗauke shi ba, kada wani ya ruɗe ku da talla.

Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne a fara da bikin dashen itace. A dasa guda hamsin, a ɗauki hoto a sa a Facebook, rani ya zo babu mai ba su ruwa, janareta kuma yana nan yana ruri yadda ya saba. Itacen da ya rayu ma sai ya shekara da shekaru kafin ya shanye abin da injin ya fitar a 'yan watanni.

Masu fitar da littafi ta waya su ma ba su fita lissafin ba, domin akwai caji da na'urorin da ke riƙe da intanet, sai dai ba su da kwafin da zai yi kwantai. Mai niyyar bugawa a takarda zai iya fara sakin littafin a can, ya ga yawan masu nema, ya karɓi kuɗin masu so tun kafin bugu. In mutum 300 suka biya, a buga 400, in sun ƙare a sake komawa maɗaba'a.