Ba Kowace "Muscle" Ce Ake Canja Wa Giya Ba

Jama'a, akwai wata fatawa da ta yaɗu a garejoji da majalisunmu tun bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuma ya kamata a taka mata birki. Fatawar ita ce: in motarka otomatik ce, ta fara fizga ko kana ganin tana shan mai, to kawai a cire giyabos ɗin a sa maka manuwal, ka huta. Yanzu har hujja aka samo mata. Sai a turo maka bidiyon wani Ba'amurke yana cire giyar otomatik daga tsohuwar Mustang ko Camaro yana sa ta hannu, a ce maka, "Ka gani ko? Masu motar ma abin da suke yi ke nan."

To ni na ce a'a. Abin da Ba'amurken nan yake yi daban, abin da ake yi wa motocinmu daban. Ku ɗan yi haƙuri da tsawon rubutun, maganar ta kuɗi ce da rai.

Mu fara da motocin da ke cikin bidiyon. Su ne Amurkawa ke kira muscle car: motoci masu ƙofa biyu da ƙaton inji mai silinda takwas, tayoyin baya ne ke tura su. Pontiac GTO ta fito a 1964, Ford Mustang ma a shekarar, Dodge Charger a 1966, Chevrolet Camaro kuma samfurin 1967. Zamaninsu bai daɗe ba. Dokokin rage hayaƙi, tsadar inshora, da rikicin mai na 1973 suka karya kasuwarsu. Yau kayan tarihi ne, na masu sha'awa da rarar kuɗi.

Me ya sa mai irin wannan motar zai canja giya? Saboda otomatik ɗin wancan zamanin abin tausayi ce. Powerglide da aka sa wa Camaro da yawa giya biyu kacal gare ta. C4 ta Ford da Turbo 350 ta General Motors giya uku-uku. Dukkansu giyar ƙarshe ɗaya-da-ɗaya ce, wato yadda inji ya juya haka farfela za ta juya, babu giyar hutu ta doguwar hanya. Ga shi kuma tulun man da ke haɗa inji da giyabos ba ya kullewa, kullum cikin sulɓi yake, yana zubar da ƙarfi yana tara zafi. Mutum yana kan babbar hanya, inji na ta ihu, mai na ta tafiya.

Sai ya sayo giyabos na zamani mai giya biyar, irin TKX na kamfanin Tremec da ya fito a 2020, wanda a wani samfurinsa giya ta biyar 0.68 ce. Lissafin mai sauƙi ne: injin da ke juyi 3,000 a minti ɗaya zai sauko wajen 2,040 a gudu iri ɗaya. Wannan riba ce da za ka ji a kunne, ka gani a tanki. Kuma motar ba ta da burenbos. Kafireto ne da ƴan wayoyin da ba su taka kara sun karya ba. Ka cire giyabos ka sa wani, babu kwamfutar da za ta tambaye ka ina tsohon ya tafi.

Duk da haka, ku kalli bidiyon da kyau ku ga aikin da ake yi. Cikakken saitin feda ake sawa, na kuloci da na birki, wanda aka ƙera don wannan motar. Ana canja fulawil, a sa ƙaramin boris a gindin karanshaf, a auna kwanon da ke haɗa inji da giyabos da agogon awo, don kada ya kauce daga tsakiya fiye da 0.005 na inci, wato wajen kaurin takarda ɗaya. Ana canja ƙarfen da ke riƙe giyabos, a auna tsawon farfela a kai ta inda za a yanka a daidaita nauyinta. Ana gyara maleji, a haɗa fitilar ribas, a sa makunnin da zai hana motar tashi sai an taka kuloci. Kuma a can ma rigima ake yi. Masu kishin asali suna cewa duk motar da lambar injinta da ta giyarta suka dace da lambar jikinta, raba su asara ce. Shi ya sa mai hankali a cikinsu yake adana tsohon giyabos ɗin, saboda ranar sayarwa.

Yanzu mu dawo gida. Abin dariyar shi ne mu ma muna da tamu "Muscle" ɗin, wato Toyota Camry ta 2007 zuwa 2011, wadda rabin ma'aikatan gwamnati ko suna hawa ko suna mafarkin hawa. Sunan kawai suka haɗa da waɗancan. Ita tayoyin gaba ke jan ta, injinta a gicciye yake, kuma burenbos ne ke tafiyar da inji da giya tare. Otomatik ɗin da ke kan mai silinda huɗu giya biyar gare ta tun farko, daga baya ma shida, da giyar hutu, da tulun mai mai kullewa. Wato abin da Ba'amurke yake kashe dubban daloli ya samu a Camaro ɗinsa, kai da shi motarka ta zo daga kamfani. Kai kuma za ka biya kuɗi a cire maka.

Maganar shan mai fa? Toyota ta sayar da Camry ta 2007 mai silinda huɗu a Amurka da manuwal da otomatik duka. A awon hukumar kare muhalli ta ƙasar, a cikin gari daidai suke, a babbar hanya bambancin bai wuce mil ɗaya a galan ba. Wannan fa manuwal ce da kamfani ya haɗa da hannunsa. Don Allah a ɗauki biro: kuɗin giyabos, kuloci, fulawil, feda, shaf biyu, wayoyi, kuɗin aiki. Shekara nawa za ka yi kafin wannan ɗan bambancin ya mayar maka da kuɗinka? Albashin da bai kai ashirin ga wata ba shi za a yi wannan cacar da shi?

To bari in faɗi yadda aikin ke kasancewa a yawancin wuraren da na gani, ban kama sunan kowa ba. A samo giyabos ɗin Beljiyam wanda ba a san tarihinsa ba. A ɗauko fedar wata motar daban, mai walda ya ɗana ta. A huda bangon da ke tsakanin inji da direba da kurfi da guduma. Sai rewaya ya zo. Burenbos yana neman giyabos ɗinsa bai gani ba, fitilar cek injin ta kama, sai a cire ƙwan ko a liƙe ta da baƙin salatif. Daga ranar, ko inji na mutuwa babu mai gaya maka. Mafi muni, wayar nan da ke hana otomatik tashi sai tana kan P ko N, sai a haɗe bakinta kai tsaye. Ma'ana motar za ta iya tashi tana cikin giya. Ka yi tunanin safiyar Litinin, kana sauri, yara na tsaye a gaban mota da jakunkunan makaranta, ka murɗa makulli. Allah Ya kiyaye. Wannan ba gyara ba ne, ganganci ne.

Na san abin da za a ce a ƙasan rubutun nan. Za a ce manuwal ta fi ƙarko, kowane bakanike ya san ta, in batir ya mutu a tura ta ta tashi. Gaskiya ne, kuma mu da muka koyi tuƙi a Fijo 504 ba za a ba mu labarin daɗin giyar hannu ba. Za a ce akwai waɗanda aka yi wa kuma lafiya lau. Shi ma gaskiya ne. In aka samo motar da ta yi hatsari irin taka sak, manuwal, aka kwashe komai nata har burenbos da wayoyi da makulli, aka ba wanda ya san aiki, zai yiwu. Amma nawa ne suke yin haka? Kuma in ka tara kuɗin yin hakan, me ya hana ka sayar da taka ka sayi manuwal tun asali? Ranar da ka kai motar da aka yi wa tiyata bakin dillalai, kallo ɗaya za su yi wa feda su zabge farashi.

Gaskiyar da ba ma son ji ita ce, yawancin giyabos ɗin da ake yanke wa hukuncin kisa ba mutuwa suka yi ba, mu muka jikkata su. Camry ɗin nan man Toyota WS take sha, Honda nata daban, amma mu duk jan mai man giya ne. A cire tamostat, a cika lagireto da ruwan rijiya, alhali lagireton nan shi ke sanyaya man giya. A jefa ribas mota ba ta gama tsayawa ba. A ɗaura igiya a ja ta kilomita talatin tayoyin gaba na ƙasa. In ta fara ciwo, sai a ce otomatik ba ta dace da ƙasarmu ba. Laifin tudu ne ko na mai taka shi?

Tun 1996 duk motar da aka sayar a Amurka tana da soket ɗin da ake jona na'urar bincike. Sau da yawa abin da zai fito ɗan solonoid ne, ko sansa, ko man da ya ƙone. Amma wanda bai iya karanta na'ura ba ba zai ce maka "ban sani ba". Zai ce, "Alhaji, a mayar da ita manuwal kawai." Rashin saninsa ya zama kuɗinka.

Shawarata ga ƴan uwana ma'aikata: kafin kowa ya ɗora sifana a giyabos ɗinka, a jona na'ura, a rubuta maka lambar matsalar, ka ji ta bakin mutum biyu. In ya mutu da gaske, a sa irinsa, a zuba man da kamfani ya ce. In kuwa giyar hannu kake so har zuciya, sayi wadda aka haifa da ita.

Ba'amurken nan yana ɗauko motar 1967 ya kawo ta zamani. Mu kuma muna ɗauko motar 2009 mu mayar da ita baya, mu biya kuɗi, har mu yi godiya. Kanikawan da ke cikin abokaina, filin naku ne, a zo da hujja ba zagi ba.

Allah Ya tsare mu a hanya, Ya sa albarka a ɗan abin da muke samu.