Sharhi: Darasin da ɗan Zariya ya bar wa duniyar ƙwallon kwando

Daga 2019 zuwa 2025, babu ɗan wasan da aka haifa a Amurka da ya lashe kambun gwarzon shekara na gasar NBA. Giannis Antetokounmpo na Girka, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, ya ɗauka sau biyu, Nikola Jokic na Sabiya sau uku, sai Joel Embiid haifaffen Kamaru da Shai Gilgeous-Alexander na Kanada.

Masai Ujiri, wanda ya girma a Zariya, ya hango wannan sauyi tun da wuri. Ƙungiyar Toronto Raptors da ya gina ta ci kofin 2019 da Pascal Siakam na Kamaru, Serge Ibaka haifaffen Kongo da Marc Gasol na Sifaniya. Ƙasashensu daban-daban ne, amma kowa ya san aikinsa a fili, musamman wajen tsaron gida.

Wannan darasi ya shafi Kudancin Kaduna, inda rikici ya sha raba maƙwabta. Ƙungiya guda da za ta haɗa matasan Kagoro, Bajju, Atyap, Hausawa da Fulani a Kafanchan na buƙatar filaye, masu horarwa da gasar makarantu mai ɗorewa. Samar da su nauyi ne a wuyan gwamnatin jihar da ƙananan hukumomi.